Na Kasa Daka wa Surukina Tsawa, Ga Gasar Dirak Ta Ƙarato

Zuwa ga Gwaggo Hikima,

Assalamu alaikum. Don Allah Gwaggo ki taimake ni kafin in zama sanadin sayar da jirgin surukina. Na san irin wasiƙun da ke zuwa miki, yawanci na waɗanda aka wulaƙanta ne ko aka ci amanarsu. Ni laifina ladabi ne, ya yi mini yawa har ya zama ɓarna, kuma duk wanda na ba labarin sai ya gama dariya kafin ya tuna shawara na zo nema. Ke ma ki yi dariyarki, na yafe, amma ki daure ki karanta har ƙarshe.

Ni mutumin Gumel ne, kwantiragi ya kawo ni Jidda, ina gyaran na'urorin asibiti. Kafin in zo, ruwa mafi girma da na taɓa shiga shi ne kududdufin bayan gari da damina, shi ma iyakarsa gwiwa. A nan na auri Mastura, haifaffiyar unguwar Hindawiyya, cikin Hausawan nan da kakanninsu suka zo hajji a ƙasa suka zauna. Na so in sauya sunaye kamar yadda masu rubuto miki ke yi, sai na ga ɓata lokaci ne, don daga Hindawiyya har Bab Makka babu mai shayin da bai san labarin ba. Sunan mutum ɗaya ne ba za ki gani a nan ba, mahaifinta, kuma shi ne tushen maganar. Sunan halifa na uku gare shi. Kin gane, kada ki sa in ƙara.

A gidan da na tashi, suruki ba abin wasa ba ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya taɓa hango nasa surukin tafe a hanyar kasuwa, ya sauka daga keke ya kutsa da shi cikin gonar gero, ya fito ta ɗaya gefen duk jikinsa ƙaiƙayi, kuma har ya rasu yana ba da labarin nan da alfahari. Ba a cin abinci a gaban suruki, ba a haɗa ido da shi, ba a ɗaga murya, suna kuwa ko a mafarki. Da wannan tarbiyya na shigo gidan da kowa ke zagaye faranti ɗaya, uba ya yago nama da hannunsa ya ajiye a gabanka, ya buga maka baya, ya ce yalla. Shekarun farko na aurenmu dabara na yi ta yi. Ba na zuwa sai na tabbatar an ci an wanke hannu, in kuma aka rutsa da ni, sai in ce kafilina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, na kirana. Bawan Allahn nan bai taɓa kirana ranar Juma'a ba, amma a gidan surukaina ana ɗaukarsa azzalumin da ba ya barin mutum ya ci shinkafa. Mastura ta yi wa mahaifinta bayanin al'adarmu, ya yi dariya ya ce zan warke.

To ga yadda teku ta shigo maganar. Tsohon ya yi aikin tashar jiragen ruwa har ya yi ritaya, kuma yana da ƙaramin jirgi mai inji da yake ajiyewa a Abhur. Shi da amininsa na ƙuruciya, Ammi Saleh, sun shafe shekaru suna shiga gasar kamun dirak. Ga wanda bai sani ba irina a da, dirak dogon kifi ne siriri mai ruwan azurfa, haƙoransa kamar reza, ga gudun tsiya. Ba a zaune ake jiransa ba. Jirgi ne ke tafiya a hankali yana jan zaruruwa a baya, kowane da ɗan kifi saƙale a ƙugiya. In ya kama, abin naɗe zaren da suke kira makina ya ɗau ƙara, daga nan sai kokawa. Wata ƙungiyar masu jirage ce ke shirya gasar. A fita bayan asuba, a dawo da la'asar, wanda kifinsa ya fi nauyi a sikeli shi ke da kofi. Tsohon da Ammi Saleh sun sha zuwa kusa, amma kofin bai taɓa shiga gidan ba.

Mutum huɗu ne a jirgin, kowa da aikinsa. Tsohon shi ne rayyis, wato mai tuƙi, fuskarsa gaba. Ƙannen Mastura biyu, Mohannad yana riƙe sandar fatsa, Bandar kuma yana riƙe ƙugiya mai dogon ƙota da ake cakar kifin a ɗago shi. Na huɗun yana tsaye a baya, idonsa a kan zare, aikinsa ɗaya ne tak: ya yi wa rayyis ihu. Dama, hagu, tsaya, ja baya. Dalili kuwa, in dirak ya ga jirgi ya kusa, nutsewa yake yi ƙarƙashinsa, kuma da zarar zaren ya taɓa farfela, halas, ya tsinke ke nan. Wannan shi ne aikin Ammi Saleh. An ce in ya ƙwala wa tsohon kira, da sunan nan yadda muke faɗinsa a ƙauye, da jan wutsiyarsa da komai, har na wasu jiragen sai sun waiwayo. Ya haɗa masa da zagin abota, ya kira shi kurma, ya kira shi mai kan kwakwa. Kuma kurman ne da gaske, ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya, ɗayan ma sai an daddage.

Bara Allah ya karɓi ran Ammi Saleh. Bandar da Mohannad suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa, tsohon kuwa ya ce in abu ya yi zafi a teku, kunnensa Hausa kawai yake tsinta. Sai ya duba dangi kaf ya ga wa ke da Hausa tsantsa, ya zaɓe ni. Mastura har da hawayen murna. Ni ma na ji kaina ya kumbura, don a zatona aikin tsayuwa a baya ne da kallon ruwa, abin da ya dace da mutum mai kunya. Babu wanda ya gaya mini cewa a cikin duk ayyukan duniya an ɗauke ni aikin daka wa surukina tsawa.

Tun fitarmu ta gwaji ta farko na fara nuna hali. Da hantsi tsohon ya buɗe ƙullin burodin tamis da wake, ya gutsuro ya miƙo mini. Babu kafilin da zai kira ni a tsakiyar Bahar Maliya, sai na ji bakina ya ce azumi nake yi. Tunda na faɗa, na riƙe bakin har magariba don kada ƙaryar ta yi yawa, daga baya ma na riƙa ɗaura niyya ta gaske duk ranar da za mu fita. Azumin ya raba ni da wata matsalar kuma, wadda duk wanda ya san ƙaramin jirgi ba shi da banɗaki zai gane. Yanzu a Hindawiyya an san ni da mutumin da ke azumi a zafin teku, har wasu tsofaffin mata suna aiko Mastura in saka jikokinsu a addu'a. Sai kuma rediyon jirgi. An ba ni in sanar da masu gasa cewa mun fito, ashe sai an faɗi sunan jirgin, jirgin kuwa sunan surukata aka sa masa, ga shi nan rangaɗau da farin fenti. Na ce musu jirgin gidan su Bandar ne. Mutumin ya yi ta sake tambaya, ni kuma na yi ta kwatance, har Bandar ya fizge abin daga hannuna.

Duk wannan wasa ne a kan abin da ya faru ranar gasa. Har rana ta take ba mu kama abin kirki ba. Ni ga ƙishi, ga jiri, harshena ya bushe. Can sai makinar Mohannad ta ɗau ƙara irin wadda ban taɓa ji ba, sandar ta lanƙwashe. Yaron nan ya yi ta fama har rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya ja, kifin ya ja, tsohon yana bin su da jirgi a hankali. Da ya matso na ga gefensa ya walƙa a ƙarƙashin ruwa. Na san duk wanda kifi ya kuɓuce masa cewa yake yi ƙato ne, amma Gwaggo wannan ya kusa kai ni tsawo, kuma ni ba gajere ba ne. Bandar ya ɗaga ƙugiyarsa yana ta ambaton Allah. Sai kifin ya juya ya nutsa ta bayan jirgi, kuma ni kaɗai ne a inda zan ga zaren yana nufar farfela.

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Amma ƙafafuna sun riga bakina yanke shawara. Sai ga ni ina dafa gefen jirgi ina takawa zuwa gaba, na je kusa da tsohon na durƙusa, jirgi yana ta lilo da ni. Na yi gyaran murya. Na fara da roƙon Allah ya ja da ransa, na ba shi haƙurin katse masa aiki, na ce in ba zai zama takura ba, in kuma ya ga dama. A kan in ya ga daman nan nake na ji tas, zare ya tsinke, Mohannad ya tafi da baya ya zauna cikin akwatin ƙanƙara. Tsohon ya sunkuyo da kunnensa mai ɗan dama-dama yana tambayata me na ce. Ni kuma don kada a ce na bar magana a rabi a gaban babba, sai na ƙarasa masa cewa da ya ɗan karkata hagu.

Bandar ya faɗi maganganu da yawa da Larabci waɗanda na yi kamar ban gane ba. Mohannad, wanda bai taɓa haɗa jimlar Hausa ta kai ƙarshe ba, yanzu ya iya Allah ya ja da rai tsaf, da ita yake miƙo mini ko da gishiri ne. Waɗannan duk na shanye, na cancanta. Abin da na kasa shanyewa shi ne abin da tsohon ya yi. A wurin awo ya tsaya ya kalli kifin da ya ci gasar, wanda bai kai namu ba, ya yi wa masu shi barka da fara'arsa. Da muka koma wanke jirgi, ya karɓi soso daga hannun Bandar ya tafi baya inda Ammi Saleh ke tsayawa, ya yi ta goge wurin shi kaɗai, alhali babu dattin komai. A nan dariyar abin ta fita daga raina.

Bayan 'yan kwanaki ya aiko da saƙo ta bakin Mastura. Ya ce ya san kunya, ya ga dangin mahaifiyarsa suna yi yana yaro, kuma bai ga laifin waɗanda suka rene ni ba. Amma ya gaji da a girmama shi daga nesa. Tun rasuwar amininsa kowa a hankali yake masa magana kamar majinyaci, shi kuwa ba ya jin a hankali. Ya ce tun bayan mahaifiyarsa, Saleh ne kaɗai ke kiransa da sunan nan irin na gida. Zai sake fita da ni gwaji kafin gasa mai zuwa, kuma ta ƙarato. In na iya kiransa yadda Saleh ke yi, mu shiga gasa. In na kasa, babu komai, ba zai riƙe ni a rai ba, zai sayar da jirgin ga wani Meshari da ya daɗe yana nema. Yaran ba za su hana ba, don dama saboda shi suke zuwa. Mastura ta ce bayan jana'izar Ammi Saleh mahaifinta ya daɗe ba ya fita ko ƙofar gida, jirgin nan ne ya fito da shi. Ta ce ba ta roƙe ni komai ba, sannan ta juya ta shiga kicin tana kuka, wanda ya fi roƙon ciwo.

Na kira Innata a Gumel ina neman mafita, sai na ƙaro wa kaina. Ta fara da tambayar ko babu kifi ne a kasuwar Jidda. Sannan ta ce ranar da ta ji labarin na ƙwala wa surukina kira da sunansa, ba ta san inda za ta sa fuskarta ba, kuma mahaifina bai shiga gonar gero don ɗansa ya zama haka ba. Ta ce yau suna ne, gobe sai a gan ni ina cin abinci kwano ɗaya da shi. Ban gaya mata cewa wannan ma yana cikin abin da ake nema ba.

Na gwada, kada ki ce ban gwada ba. A hanyar zuwa aiki nakan rufe gilashin mota in cika ƙirji da iska. Farkon sunan ya fito, sauran ya maƙale a maƙogwaro, in ƙare da istigfari, na motar kusa yana kallona. Abokina Abdulkahar, ɗan garinmu da muke aiki tare, ya ce in sayi usur irin na alƙalin ƙwallo. Na kawo wa Mastura shawarar, ta tambaye ni ko a Gumel hura wa suruki usur ya fi kiran sunansa ladabi. Daga nan na bar maganar usur.

Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce ina son tsohon nan. Na zo ƙasar nan babu uba, kuma duk ranar da ya buga mini baya, ko da na noƙe, daɗi nake ji har cikin raina. Tekun ma ta shiga raina, ina son in sake ganin walƙiyar nan a ƙarƙashin ruwa. Amma ina tsoron in na buɗe baki na kira sunan nan, na sauka daga kan abin da mahaifina ya bar mini, don ban gaji gona ko gida ba, wannan ɗin ne gadona. In kuma na yi shiru, ni ne zan mayar da dattijo ɗaki. Gwaggo, ya zan yi? Kada ki ce in nemo wani ya maye gurbina, na kawo wannan, tsohon ya ce shi ba ɗan haya yake nema ba.

Naki,
Mai Ladabin Tsiya, Waziriyya, Jidda

Amsa

Wa alaikumus salam, Mai Ladabin Tsiya.

Na yi dariyar da ka ba ni izini, musamman wurin da ka ƙarasa jimlarka bayan kifi ya kai gida. Sannan na share ido na sake karantawa, kuma a karo na biyu ban yi dariya sosai ba.

Bari in fara da Innarka, don ba ta yi kuskure ba. Kunyar suruki ba ƙauyanci ba ce. Ita ta hana gidaje da yawa rushewa, don mutumin da ba ya iya haɗa ido da uban matarsa da wuya ya iya gaya masa baƙar magana ranar da rai ya ɓaci. Kada tsokanar Bandar da Mohannad ta sa ka ji kamar an rene ka a karkace. Durƙusonka a tudu, ka riƙe abinka.

Amma ka tambayi kanka don wa ake yin kunyar. Don surukin ake yi, ya ji an ɗaukaka shi. Ranar da mahaifinka ya shiga gonar gero, kakanka ya gani ya gane, ya ji daɗi, domin al'ada ɗaya suke ciki. Kai naka surukin abin da ke isa gare shi shi ne ba ka cin abincinsa, ba ka kallonsa, kana magana ba ya ji. Da hannunka ka rubuta cewa kunnensa ɗaya ya mutu, ka wuce kamar ba komai. Muryar ladabinka, a wurinsa shiru ce. Ya kuma gaya maka ƙarara abin da ke masa ciwo, abin da dattawa ba su cika yi ba.

Akwai kuma maganar da ta fi kifi. Ni teku ta tagar jirgin sama kawai na san ta, amma na fahimci cewa wanda ke tsaye a baya amanar mutum huɗu ce a hannunsa. Ran nan zare ne ya nufi farfela. Da Mohannad ne ya zame ya faɗa ruwa ta wurin fa? Ka zauna da wannan tambayar kafin ka sake taka jirgin. Shi ya sa azumin teku ma zan ce ka ajiye shi. Mai gadi da jiri da busasshen harshe ba mai gadi ba ne. Ka mayar da azuminka Litinin da Alhamis a gida, inda babu wanda kake gudu, kuma Mastura ta gaya wa tsofaffin nan gaskiya, su ma su sami abin dariya. In ya miƙo maka burodi ka karɓa da hannu biyu. Ka ɗan juya gefe ka ci in ya zama dole, amma ka ci.

Ga abin da za ka yi kafin ranar gwaji. Ka je wurinsa da ƙafarka, ka daina aiken Mastura. Yarinyar nan ta gaji da dakon magana tsakanin maza biyu da take so. Ka zauna ta ɓangaren kunnensa mai ji, ka ɗaga murya, ka ba shi labarin keke da gonar gero da Hausarka ta Gumel, ka gaya masa wannan ne gadonka kamar yadda ka gaya mini. Ka kuma gaya masa abin da ka ce ba ka gaya wa kowa ba, don shi ya fi ni cancantar jin sa. Daga nan ka tambaye shi labarin Ammi Saleh, ka bar shi ya yi ta bayarwa.

A zaman nan za ka iya neman sassauci. Mu a gida duk mai wannan suna Shehu muke ce masa, ka tambaye shi ko zai karɓa, ko kuma Rayyis. Wataƙila ya yarda. Amma ka shirya wa ƙin yardarsa, don a ganina ba tuƙi ne damuwarsa ba. Mutum ne da ya wayi gari babu sauran mai ce masa Usumanu a duniya. Ni na faɗa, ba surukina ba ne. Sunan nasa ne, shi ke da iko da shi, kuma shi ya ba ka. Ku yi yarjejeniya: daga kwance igiyar jirgi zuwa ɗaure ta, shi rayyis ne kai mai tsaron baya, in an taka tudu ya koma surukinka. Ka gaya masa zagin abota kam ba za ka iya ba, wannan na Saleh ne, kuma ya kamata a bar masa abinsa.

Ka daina gwaji a rufaffiyar mota, can babu abin da ke cikinta sai kai da kunyarka. A jirgin za ka gwada, inji yana ruri, iska tana kaɗawa, ya ba ka baya. Ka lura aikin nan ko haɗa ido babu a cikinsa. Kada ka jira sai kifi ya kama. Da kun fita fili ka kira shi sau ɗaya ba tare da wani dalili ba, don na farkon ne mai wuya. Bayan sunan kuma kalma ɗaya, dama ko hagu. Addu'ar tsawon rai ka adana ta sai an ɗaure jirgi.

Innarka kuwa, tambayar da ka yi mata ce ba daidai ba. Ka tambaye ta ko ya halatta ka yi wa suruki ihu, wace uwa ce za ta ce e? Ka sake kiranta ka ba ta labarin dattijon da amininsa ya rasu, yana goge wurin tsayuwarsa da soso. A shekarunta, ita ma ta san yadda masu kiran mutum da sunansa na yarinta ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. In duk da haka ba ta sauko ba, kada ka yi musu da ita. Ka ce mata umarni ya ba ka, kuma bin umarnin suruki yana cikin tarbiyyar da ta yi maka.

Abu ɗaya zan faɗa a kan tsohon, da girmamawa. Bai kyauta ba da ya rataya sayar da jirgi a wuyanka kai kaɗai, baƙin ciki ne ya sa shi. 'Ya'yansa ma suna da baki. Wanda ya iya koyon Allah ya ja da rai don tsokana zai iya koyon dama da hagu don mahaifinsa, ka gaya wa Mohannad in ji ni.

Ban yi maka alkawarin kofi ba, dirak ba ya karanta filin nan. Wataƙila zaren ya sake tsinkewa ko da ka yi ihun da za a ji a Gumel. Amma ko da hannu wofi kuka dawo, a ce dattijon nan ya sauko daga jirginsa bayan ya ji an kira shi. Mahaifinka ya sha ƙaiƙayi don surukinsa ya ji daɗi, kai ma ga taka gonar geron nan, ka shiga.

Allah ya jiƙan Ammi Saleh da mahaifinka, ya ba Mastura ladan haƙuri, ya buɗe maka maƙogwaro, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Gwaggo Hikima